Yadda Ake Saro Kayan Aikin Hannu a Ƙasar Waje Domin Shagon Intanet

Karo na farko da na saro kayan aikin hannu a wata tafiya, jakunkunan fata goma sha biyu na cuso a akwati na dawo da su. Ban cika mako uku da ɗora hotunansu ba suka ƙare, har mutane na turo saƙo suna tambayar yaushe wasu za su iso. Na ɗauko katin da mai shagon ya ba ni na kira shi. Da ƙyar ya tuna ni, da ya tuna kuma sai ya ce ai shi ma saro su ya yi daga hannun wani, wanin kuwa ya koma ɗinka wani fasali daban. Ga kasuwa ta buɗe, ga shago wayam.

Tun daga ranar na daina ɗaukar irin wannan tafiya a matsayin zuwa sayen kaya. Abin da ke kai ni shi ne neman mutumin da zai iya sake yi mini abu iri ɗaya bayan wata shida, ina can wata uwa duniya, shi yana ɗakin aikinsa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka ɗora su.

Mataki na 1: Kafin ka yanki tikiti

Zauna da takarda ka rubuta abu biyu, iyaka uku, da ka san masu sayenka za su ɗauka. Wanda ya faɗa babbar kasuwar nan mai rufi ta Istanbul, wadda aka fara ginawa tun ƙarni na 15, mai shaguna kusan 4,000, bai san abin da ya kai shi ba, zai fito da fitila ɗaya, faranti biyu da gyale uku. Wannan tsaraba ce, ba haja ba. Kowane abu ka rubuta, yi masa tambayoyi: yana fashewa? Yana cin wuri? Yana da lamba, kamar takalmi da riga, da za a riƙa dawo maka da shi wai bai yi daidai ba? A ganina mai farawa ya fara da abin da ke ninkewa ya kwanta: yadi, rigar filo, ƙaramar jaka, shimfiɗar tebur.

Sannan ka nemi garin sana'ar, don kowace sana'a da mazauninta. Jimar fata a Maroko tana Fas. Tangaran yana Safi da Fas ɗin. Dardumar ulu kuwa matan ƙauyukan duwatsun Atlas ke saƙa ta, Marakish kasuwarta ce kawai. Bugun yadi da hatimin katako yana Bagru da Sanganer, kusa da Jaipur a Indiya. Maƙeran azurfa na Bali suna ƙauyen Celuk, masaƙan darduma na Meziko suna Teotitlán del Valle a jihar Oaxaca, kwandunan ciyawa kuma suna fitowa daga Bolgatanga a arewacin Ghana. Babban birni wurin baje kaya ne, mai yin su galibi yana can tafiyar sa'a ɗaya ko biyu a mota.

Duba lokaci. Daminar Indiya, daga Yuni zuwa Satumba, tana rage bugun yadi saboda rana ce ke busar da shi. Manyan bukukuwa irin su salla da Diwali suna tsayar da aiki, wani lokaci har ma'aikata su tafi garuruwansu. In kana son ganin masu kaya da yawa a wuri guda, akwai bajekoli irin su IHGF na Delhi, da Ambiente a Frankfurt, da Maison&Objet a Paris. Sai dai mafi yawan waɗanda ke can manyan masu fitar da kaya ne, mafi ƙarancin odar da suke karɓa na iya fin ƙarfin ƙaramin jari.

Bincika ko bizar yawon buɗe ido ta halatta maka ƙulla ciniki a ƙasar, ko sai ta kasuwanci. Tsabar kuɗi ma da ƙa'ida: shiga ko fita Tarayyar Turai da yuro 10,000 zuwa sama sai an bayyana, haka Amurka in kuɗin ya haura dala 10,000. A jakarka ka sa tef ɗin awo, ƙaramin sikelin rataye, farin ƙyalle, ashana, mayen ƙarfe da littafin rubutu.

Mataki na 2: Kwana biyun farko, hannunka a aljihu

Kada ka sayi komai. Yi ta zagaye, ka taɓa, ka tambayi kuɗi, ka rubuta. Kafin yamma ta biyu za ka lura abu ɗaya ne ke maimaita kansa a shago ashirin, launi ɗaya, ɗinki ɗaya. Wannan daga masana'anta ya fito, wataƙila ma ba a ƙasar aka yi shi ba. Abin da ka gani a wuri ɗaya ko biyu kacal, shi za ka bi sawunsa.

Yi hattara da mai rakiyar da ya tare ka a bakin kasuwa, da direban da ya ce yana da wani kawu mai saƙa. Kusan duk inda suka kai ka akwai kamashonsu a cikin kuɗin da za a faɗa maka, kai ne kuma za ka biya ba ka sani ba. Gara ka ɗauki tafinta da kanka, ku yanke ladansa na yini tun da safe, ka gaya masa ƙarara cewa ba ya karɓar komai daga hannun mai kaya.

To, ta yaya ake gane mai yi daga mai sayarwa? Ni tambaya ɗaya nake yi. Sai in ɗauki jaka in ce, "Za a iya ƙara wa hannun nan tsawo?" Ɗan kasuwa zai ce, "Ba matsala, komai akwai," tun ban rufe baki ba. Baduku kuwa sai ya karɓa, ya juya ta, ya ja hannun da yatsa biyu, ya ce in aka ƙara tsawo nauyi zai riƙa jan bakin jakar, sai an ninka fata a nan da nan. Wanda ya nuna maka inda abu zai lalace, shi ya san yadda aka haɗa shi. Dubi hannuwansa kuma: marini ba ya iya ɓoye faratansa. Daga nan ka roƙi a kai ka inda ake aikin. In aka fara kwana-kwana, yau mai makulli ba ya nan, gobe wurin da nisa, ka riga ka sami amsarka.

Ban ce dillali abokin gaba ne ba. Macen da ke saƙa a ƙauye sau da yawa ba ta da asusun banki, ba ta da lasisin fitar da kaya, ba ku jin harshen juna. Dole wani ya tsaya a tsakani. Abin nema shi ne dillalin da ya yarda a san shi dillali ne, ya faɗi la'adarsa, ya kai ka gaban masu aikin. Ƙungiyoyin haɗin gwiwa na masu sana'a ma hanya ce mai kyau, amma allon da aka rubuta sunan ƙungiya a ƙofar shago ba shaida ba ne. Tambayi su nawa ne, wa ke riƙe da littafin kuɗi, nawa ke isa hannun wadda ta saƙa.

Mataki na 3: Gwada kayan a gaban mai shi

Kada kunya ta hana ka. Mai kaya na gari ba ya jin haushin gwaji, wani ma shi zai miƙo maka ashanar.

Darduma, juya bayanta. Wadda aka ƙulla da hannu zanenta na fitowa sarai a baya, ƙulli-ƙullin ba su zama daidai wa daida, gezarta kuma zaren jikinta ne ya zarce, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba. In ka ga an manne wani yadi a bayan, da bindigar cusa zare aka yi ta aka shafe da gam, kuɗinta bai kai na waccan ba. Zari ɗan zare ka ƙona: ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, tokarsa na murmushewa a yatsa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Yadi, jiƙa farin ƙyallen nan ka goga a inda launi ya fi duhu. In ya kama sosai, zai zuba a wanki. Bugun hatimi na hannu yana da alamarsa: inda hatimi ya haɗu da hatimi za ka ga ɗan hawa ko 'yar tazara. Zanen da ya tafi sumul babu ko gargada, inji ne. Sayi yadi ɗaya ka wanke a masauki, ka auna kafin da bayan wanki ka ga nawa ya tsuke.

Azurfa, lambar 925 da ke jiki, wadda ke nuna azurfa ce ta gaske, kowa na iya buga ta. Mayen ƙarfe yana tona asirin ƙarfen da aka yi wa wanka, amma tagullar da aka shafa wa azurfa za ta wuce shi lafiya lau, don haka in odar da yawa ce a kai samfur wurin masu gwaji. Katako, nemi ƙananan ramuka da gari mai laushi a ƙarƙashinsa, alamar ƙwaro na ciki. Fata, sa ta a leda ka ɗaure ta kwana. Warin da ya buge ka da safe, shi zai bugi mai saye ranar da ya buɗe kwali.

Tangaran da za a ci abinci a ciki shi ya fi buƙatar kula. Wasu magina har yanzu suna amfani da dalma a ruwan ƙyallin da suke shafawa, ita kuwa tana narkewa cikin abinci mai tsami, guba ce, musamman ga yara. Ido ba ya ganin ta. Ko dai a ba ka takardar gwaji daga ɗakin bincike, ko ka kai da kanka a gwada, ko ka sayar da shi a matsayin kayan ado kawai ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

Mataki na 4: Abin da ba a ɗauka ko da kyauta

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta hana ko ta taƙaita cinikin abin da aka yi da dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. Hauren giwa, ƙoƙon kunkurun teku, gyalen shahtoosh da ake yi da gashin barewar Tibet, duk ka bar su inda ka gan su. Fatar kada da ta mesa, wasu nau'o'in murjani, da katakon dangin Dalbergia da aka shigar cikin jerin a 2017, suna iya buƙatar takardar izini. Tambayi sunan itacen tun kafin ka ƙyasa.

Tsofaffin kaya ma tarko ne. Dokar Indiya ta 1972 ta ɗauki abin fasahar da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, ɗan kasuwa ba ya fita da shi. Turkiyya ma ba ta wasa da wannan, ana kama mutane a filin jirgi. Mai shagon da ya rantse maka dardumar ta kakan kakansa ce, in gaskiya ya faɗa ka shiga uku, in ƙarya ce ka yi asara.

Sai dokar ƙasar da za ka sayar. Tarayyar Turai, alal misali, ta ƙayyade sinadarin nikel a 'yan kunne da sarƙa, ta kuma hana wasu rinin azo a yadi da fata. Kayan wasan yara da na jarirai ƙa'idojinsu sun fi na kowa tsauri kusan ko'ina. Ni ban taɓa su ba, ban kuma ba mai farawa shawarar ya taɓa.

Mataki na 5: Ciniki da ƙulla magana

Cinikin ɗan yawon buɗe ido daban, na mai sari daban. Shi sau ɗaya zai saya ya tafi, kai kuwa dawowa za ka yi. Faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, ka tambayi kuɗin guda goma, da na hamsin, da na ɗari. Ka taya, amma kada ka matse shi har ya sallama yana ɓacin rai. Abin da ka ƙwace a baki zai fanshe a jikin kaya: fata ta ƙara sirancewa, zif ya koma na banza, ɗinki biyu ya koma ɗaya, kai kuma kana nesa.

Sannan ka yi lissafin ƙarfinsa. Kwana nawa guda ɗaya ke ci? Hannu nawa ke aiki? In mutum uku ne, kowace jaka kwana biyu, to a wata ɗaya abin da za su fitar bai wuce arba'in da 'yan kai ba. Idan ya ce zai ba ka ɗari uku a mako biyu, rarraba aikin zai yi ga maƙwabta ko ya shiga kasuwa ya haɗo, ka ƙare da kaya kala-kala. Wanda ya ce maka "ba zan iya ba sai wata uku" ya fi kwantar mini da hankali.

Yanzu sai abin da na fi ba muhimmanci a duk tafiyar: samfur biyu. Ka sa a yi maka guda biyu iri ɗaya sak. Ku sa hannu a jikin kowanne da kwanan wata, ka ɗauki ɗaya, ka bar masa ɗaya. Duk gardamar da za ta taso nan gaba, su ne alƙali. Hoton waya ba ya wadatarwa, don shuɗin da ke fuskar wayarka ba shi ne a tasa ba. Ka haɗa da takarda guda mai ɗauke da awo da santimita, nauyi, irin zare ko fata, ƙyallen launi a manne, adadi, ranar gamawa, da iyakar bambancin da ka yarda da shi, misali santimita ɗaya sama ko ƙasa. Aikin hannu ba ya fita tamkar na inji, amma akwai tazara tsakanin bambanci da aibi, ku fayyace ta tun kuna fuska da fuska. A rubuta da harshen da yake karantawa.

Kafin alƙalami dole ne, da shi zai sayi kayan aiki. Ni nakan ba da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ragowar sai na ga hotuna da bidiyon kayan a kammale, an ƙirga a gabana ta waya. Biya ta hanyar da ke barin shaida, sunan da ke kan asusun kuma ya dace da na kan rasit. Odar farko ta zama ƙarama, wadda in ta nutse ba za ta tafi da jarinka ba.

Kafin ku rabu, nemi izininsa in kana son sa hotonsa ko sunansa a shagonka, ka kuma karɓi lambar mutum na biyu a wurin, ɗa ko ƙane, wanda ya iya WhatsApp. Kada kuma ka ɗauki zanen wani ka kai wa mai araha ya kwaikwaya. Garin masu sana'a ƙarami ne, kafin ka kai filin jirgi labari ya zaga.

Mataki na 6: Lissafi, tun kana can

Kuɗin da ka biya mai sana'a somin-taɓi ne. A ce ka sayi abu a kan goma. Marufi ya ci ɗaya, dako biyar, harajin kwastan da ladan ejan uku, ka ware ɗaya saboda wanda zai fashe, biyu kuma rabonsa daga kuɗin tafiyarka. Ya tashi ashirin da biyu, ba a zo maganar kason dandalin da kake sayarwa a kai ba, da talla, da aika wa mai saye, da wanda za a dawo da shi. In kuɗin da kasuwa za ta iya biya bai ninka wannan ba, bar kayan komai kyansa.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne nauyin girma. Kamfanonin aika kaya ta sama suna ninka tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a santimita, su raba da 5,000, wasu da 6,000, sannan su caje ka da wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai 60 da 50 da 40 ya tashi kilo 24 ke nan, ko da kwandunan da ke ciki kilo shida ne. Iska ka biya wa kuɗin jirgi. Shi ya sa ake zaɓen kwandunan da ke shiga cikin juna. Irin na Bolgatanga ma ana lanƙwashe su a tura, in sun iso a jiƙa su da ruwa a mayar musu da siffarsu.

Mataki na 7: Jigila da takardu

Samfur da 'yan kaya kaɗan su biyo ka a akwati, amma ka sani kayan sayarwa ba kayan matafiyi ba ne, ana bayyana su a kwastan da rasit a hannu. Kwali kaɗan, kamfanin aika saƙo. In kaya sun kai kubik mita ɗaya ko biyu a girma, a nemi gurbi a kwantenar haɗaka ta jirgin ruwa, sai dai ka tambayi kuɗaɗen tashar sauka tun farko, don a nan ake ɓoye wuƙar.

Ka san kalmomin da ke raba alhaki, waɗanda ake kira Incoterms, guda 11 ne a bugun 2020. EXW na nufin ka karɓa a ƙofar ɗakin aikinsa, komai daga nan naka ne. FOB, shi zai ɗora a jirgin ruwa. DAP, zai kawo har inda kake amma haraji naka. DDP, har harajin nasa. Ƙaramin mai sana'a galibi a ƙofarsa yake tsayawa, saboda haka ka sami ejan jigila a garin tun kafin ka taso, ka je ofishinsa da ƙafarka.

Takardu uku ne ginshiƙi: rasit na ciniki mai bayanin kaya da ƙimarsu, jerin abin da ke cikin kowane kwali, da shaidar ƙasar da aka yi kayan, wadda kan jawo rangwamen haraji in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Kowane kaya yana da lambar HS ta Hukumar Kwastan ta Duniya, lambobi shida na farko iri ɗaya ne kusan ko'ina, biyun farko kuma su ne babin kayan: kayan fata babi na 42, kwanduna 46, darduma 57, tangaran 69. Da ita ake sanin harajinka, don haka nemo ta tun kafin ka yi oda. Za a yi maka tayin rage ƙima a rasit don haraji ya sauka. Ƙi. In an gano akwai tara ko ƙwace, in kaya sun ɓata kuma inshora abin da ke rubuce za ta biya. Kada ka dogara da tsohon zancen cewa ƙaramin ƙunshi ba ya biyan komai: Tarayyar Turai ta soke yafiyar harajin VAT ga kayan ƙasa da yuro 22 tun Yulin 2021, Amurka ma ta dakatar da tata ta dala 800 a Agustan 2025.

Tsaya a kan marufi da kanka in da hali. Tangaran kowanne a naɗe shi daban, kwali cikin kwali, in ka girgiza kada ka ji motsi. Fata da ulu su bushe ƙayau kafin a rufe, a jefa ƙunshin sinadarin tsotse danshi, in ba haka ba makonni a teku za su sa su iso da fumfuna. Akwatin katako ko fale-falen da za a ɗora kaya a kai dole su ɗauki hatimin ISPM 15, shaidar an gasa katakon ko an yi masa feshi.

Mataki na 8: Oda ta biyu

Ranar da kaya suka iso, ɗauki bidiyo tun daga yanka kwali. Ajiye samfurinka a gefe ka gwada kowane ɗaya da shi. Abin da ya kauce, ɗauki hotonsa kusa da tef ɗin awo ka tura cikin kwana biyu ko uku, da harshe mai laushi, ka kuma faɗi abin da ya yi kyau dalla-dalla don a san me za a riƙe. A shagonka rubuta garin da aka yi kayan, da me aka yi shi, da cewa kowane ɗaya yana ɗan bambanta da ɗan'uwansa. In a dandali irin Etsy kake sayarwa, karanta ƙa'idarsu kan kayan da ba kai ka yi da hannunka ba kafin ka ɗora.

Kada ka jira sai shago ya yi wayam irin nawa. In aikin na cin mako shida, jirgin ruwa da fito su ci wani shidan, to ranar da rabin kayan ya ƙare ita ce ranar tura sabuwar oda, tare da hoton samfurin nan mai sa hannunku ku biyu.